Idan Duniya Ta Yi Wa Mutum Zafi: Jagorar Kai Ɗauki Ga Sabon Mai Ba Da Shawara

Shekarun baya, ina sabon shiga wannan aiki, aka kawo mini wani ɗan kasuwa da gobara ta cinye shagonsa kwana 4 kafin nan. Rabin kayan da suka ƙone bashi ne. Ya zauna a gabana, hularsa a hannu, idonsa a ƙasa. Na yi masa nasiha iyakar iyawata: haƙuri, yarda da ƙaddara, labarin waɗanda suka yi asara Allah Ya mayar musu. Ya saurara har na gama, ya ce, "Na gode, Malam," ya tashi. Cikin dare ƙanensa ya kira ni daga asibiti. Allah Ya sa yana da sauran kwana a gaba. Babu ƙarya a abin da na faɗa masa, amma akwai tambaya guda da ya wajaba in yi masa ban yi ba, kuma cikin minti 40 da muka yi tare, bakina ya cinye fiye da 30.

Yau ina horar da matasa masu shiga aikin ba da shawara a makarantu, asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira, kuma wannan kuskure nawa nake ta gani a hannunsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya gigice yana bukatar abu uku kafin nasiha: ya tsira da ransa, ya dawo hayyacinsa, a mayar da shi hannun waɗanda za su riƙe shi. Nasiha tana da ranarta. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yan'uwa mata da ke wannan aiki har da ku nake, domin ku ne ke shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga.

Mece ce gigita?

Kowa yana da abin da yake yi idan abu ya same shi. Wani ya yi alwala ya kai kukansa ga Allah, wani ya tafi wurin mahaifiyarsa, wata ta kira aminiyarta, wani ya ci bashi ya toshe ramin. Gigita ita ce halin da mutum ke shiga idan abin da ya faɗo masa ya fi ƙarfin duk waɗannan dabaru: ya gwada wannan, ya gwada waccan, babu wadda ta ci, har tura ta kai bango. Girman musiba kaɗai ba ya nuna wanda zai gigice. Gobara ɗaya za ta ci shagon mutum biyu. Washegari ɗaya ya fara neman rumfa, ɗaya ya kasa tashi daga tabarma. Bambancin yana ga yadda kowa ya ɗauki abin, da abin da ya rage masa, da waɗanda ke bayansa.

Shi kansa wannan fanni daga gobara ya samo tushe. Ranar 28 ga Nuwamba, 1942, wuta ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka rasu. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Erich Lindemann, ya zauna da waɗanda suka tsira da iyalan mamatan, a 1944 ya wallafa abin da ya gani a jikinsu: yawan ajiyar zuciya, shaƙewar maƙogwaro, mutuwar jiki, ganin mamacin a zuci koyaushe, ɗora wa kai laifi, saurin fushi. Ya nuna cewa haka lafiyayyen mutum ke yi idan abu ya girgiza shi, kuma ɗaukin da aka kai da wuri yana hana abin rikiɗewa ya zama ciwo. Abokin aikinsa Gerald Caplan ya ɗora a kai a littafinsa na 1964, inda ya bayyana cewa gigita ba ta daɗewa: yawanci cikin mako 4 zuwa 6 mutum kan sami wata madafa, mai kyau ko mummuna. Wani ya fito da ƙarfin da bai san yana da shi ba, wani ya fito yana shan ƙwaya ko ya daina shiga mutane. A makonnin nan ne ya fi karɓar duk abin da aka miƙa masa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Sai ka tabbata abin da ka miƙa ba zai yanke shi ba.

Za ka gamu da iri uku. Akwai abin da ya faɗo ba zato: rasuwa, saki, haɗarin mota, garkuwa da ɗan'uwa, fyaɗe, ko ambaliya irin wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Akwai sauyin rayuwa da kowa ya san zai zo amma ya zo da nauyi: aure, haihuwar fari, ritaya. Akwai kuma wadda ke tasowa daga ciki, kamar dattijon da ya waiwaya ya ga kamar rayuwarsa ta tafi a banza. Duk ukun ba hauka ba ne. Idan iyali suka ce iska ce ko sammu, kada ka tsaya jayayya da su. Ka nuna musu addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Kayan aiki

Kafin wani ya shigo maka a gigice, ka tanadi waɗannan:

• Wurin da ba a jin maganarku daga waje, da kujeru biyu masu tsayi ɗaya, babu tebur a tsakani. Kada a kulle ƙofa, kada kowa ya tare wa ɗan'uwansa hanyar fita. Idan mace ce kai kuma namiji, a sami abokiyar aiki a kusa.
• Ruwan sha da abin share hawaye.
• Waya mai caji da kati.
• Lambobi a rubuce a takarda: asibiti mafi kusa, likitan da zai ɗauki wayarka, lambar gaggawa 112, da mai mota ko mai a-daidaita-sahu da zai fito ko da tsakar dare.
• Sanin inda ake duba lafiyar ƙwaƙwalwa a yankinka. Akwai asibitin Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Ka san ranakun da suke ganin marasa lafiya tun kafin bukata ta taso.
• Takarda da biro.
• Babba a aiki wanda za ka kira idan abu ya shige maka duhu.
• Lokaci. Wanda ke duban agogo ba ya jin abin da ake faɗa masa. Ka ware aƙalla awa 1.

Mataki na 1: Ka natsu, ka duba wurin

Jagorar agajin farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ta dunƙule aikin cikin kalma uku: duba, saurara, haɗa. Duba ita ce farko. Akwai rauni ko jini? Akwai makami? Ya sha wani abu? Akwai yara a wurin? Akwai wanda yake tsoro a cikin waɗanda suka rako shi?

Ka sallami 'yan kallo cikin ladabi, musamman masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wanda ya san an ɗauki bidiyonsa a ranar da ya fi kowace rana rauni, ka ƙara masa wata musibar. Idan akwai makami a hannunsa kada ka yi yunƙurin ƙwacewa. Ka ja baya, ka sassauta murya, ka sa a nemo taimako. Sabon shiga yakan iso a guje, yana haki, yana jefo tambayoyi. Tsoro yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, natsuwa ma haka take. Ka tsaya a bakin ƙofa ka daidaita numfashinka tukuna.

Mataki na 2: Ka gaisa, ka faɗi ko kai wane ne, ka faɗi iyakar sirri

Ka kira mutum da abin da ya dace da shi: Baba, Inna, Hajiya, Malam, ƙanwata. Gigita takan sa mutum ya ji ya zube a idon duniya, gaisuwar girmamawa ita ce abu na farko da ke mayar masa da mutuncinsa. Sai ka ce wani abu kamar haka: "Baba, sannu da zuwa. Aikina sauraron waɗanda abu ya dama. Abin da ka faɗa mini a nan zai tsaya, sai fa idan na ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari. A nan dole in nemi taimako, kuma zan sanar da kai kafin in yi."

Kada ka taɓa yin alkawarin rufe komai da komai. Ranar da ta zama dole ka kira ɗan'uwansa, zai ga ka ci amanarsa, kuma ba zai sake buɗe wa wani cikinsa ba.

Ka nemi ɗan lokaci ku kaɗai. Wanda ya rako mutum yakan karɓe bakinsa, amarya kuwa ba za ta faɗi abin da ke cin ta a gaban uwar miji ba. Idan ya sunkuyar da kai, kada ka ɗauka ɓoye-ɓoye yake. A wurinmu ladabi ne da kunya.

Mataki na 3: Ka kwantar da jiki kafin ka nemi hankali

Idan yana karkarwa, zuciya na bugawa, numfashi sama-sama, duk bayanin da ka yi zubar da ruwa ne a rairayi. Tsoro ya riƙe jikin, sai ya sake shi tunani zai dawo. Ka ce ya dafa ƙafafunsa a ƙasa sosai. Ku yi numfashi tare: ya shaƙa kana ƙirga 4, ya fitar a hankali kana ƙirga 6. Tsawaita fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Ka ce ya ambata maka abu 5 da yake gani a ɗakin, don hankalinsa ya baro inda abin ya faru ya dawo inda kuke. Ka ba shi ruwa. Idan ya kama zikiri ko addu'a da kansa, ka bar shi, ka ma taya shi in ya so.

Kada ka taɓa jikinsa ba da izini ba, balle wadda aka ci wa zarafi. Kada a daka masa tsawa, kada a watsa masa ruwa. Kada kuma ka ce a sayo masa maganin barci a kemis. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba da magunguna irin su diyazafam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan musiba, domin babu hujjar suna taimakawa, ga shi suna kama jiki.

Mataki na 4: Ka saurara, ka gano abin da ya tunzura yau

Ka tambaya: "Me ya faru da ya kawo ka yau?" Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta yi shekara 10 tana jure zaman gidan miji ba ta zo yau don shekara 10 ɗin ba. Wani abu ya faru jiya ko shekaranjiya. Ɗan kasuwan nan nawa, daga baya na ji, da safen ranar ne mai bin sa bashi ya yi masa sallama a ƙofar gida ya ci mutuncinsa a gaban 'ya'yansa. Na yi ta magana kan gobara, alhali wulaƙancin nan ne ke cin zuciyarsa.

Idan ya yi shiru, ka bar shirun. Sau da yawa babbar magana tana bayansa. Ka riƙa mayar masa da abin da ka ji a taƙaice: "Wato tun ranar ba ka rintsa ba, kuma kana jin kunyar haɗa ido da yaranka." Idan ka yi daidai zai ji an fahimce shi, idan ka kuskure zai gyara maka.

Ka kiyayi maganganun da ke rufe baki: "Ai wasu sun fi ka shiga uku." "Namiji ba ya kuka." "Wannan raunin imani ne." "Da kin yi kaza da bai faru ba." Ita kanta "yi haƙuri" kalma ce mai daraja, amma idan ka jefa ta yana tsakiyar magana, abin da zai ji shi ne "ya isa haka".

Kada kuma ka tono. Akwai lokacin da ake tara waɗanda musiba ta shafa a zama guda a sa kowa ya zayyana abin da ya gani dalla-dalla. Bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwo, wasu ma yakan ƙara musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Abin da ya faɗa da kansa ka karɓa, abin da ya bari ka bar masa.

Mataki na 5: Ka tambayi batun kashe kai, ɓaro-ɓaro

Wannan ita ce tambayar da ban yi ba, kuma ita sababbi suka fi gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Cewa "mu ba ma yin haka" ba ta kare kowa ba.

Ka buɗe kunne ga irin waɗannan: "Gara in mutu in huta." "Na gaji da duniya." "Na zame muku kaya." "Ga amanar yarana nan." Ka lura da wanda ke bin mutane yana neman gafara ba gaira ba dalili, ko yake rabar da kayansa, ko wanda ya yi kwanaki cikin ƙunci sai kwatsam ya sami wata irin natsuwa. Ko ba ka ji ko ɗaya ba, ka tambaya.

Ka hau a hankali: "Baba, wanda ya shiga irin wannan hali, wani lokaci yakan ji gara ma babu shi. Ka taɓa jin haka?" Idan ya amsa, ka ci gaba: "Ka yi tunanin kashe kanka?" Sai: "Ka tsara yadda za ka yi? Abin yana hannunka? Ka sa rana? Ka taɓa gwadawa a baya?" Daga nan: "Me ya riƙe ka har yanzu?" Amsar wannan ta ƙarshe, ko 'ya'ya ne ko mahaifiya ko tsoron Allah, ita ce abin da za ku dafa daga baya.

Masu tsoro kan ce tambayar za ta saka masa tunanin. An bincika wannan sau da yawa, ba a sami haka ba. Mutane da dama ma sauƙi suke ji don an ba su ƙofar faɗa. Kada ka juya tambayar ta zama "Ba dai kana tunanin wani abin banza ba ko?" domin ka riga ka faɗa masa amsar da kake so.

Idan ya ce e, kada ka zabura, kada ka buɗe wa'azin azaba. Ya san hukuncin addini tun yana yaro, kuma kunyar hakan ce ta sa ya yi shiru har abin ya girma. Ga kuma tsoron hukuma: shekaru da dama sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa yana tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin, abin da ya koya wa iyalai ɓoyewa. Ka ce, "Na gode da ka faɗa mini. Ba zan bar ka da wannan kai kaɗai ba."

Haɗari ya fi girma idan ya taɓa gwadawa, ko yana da tsari da abin aikatawa a hannu, ko yana shan giya, tiramol ko kodin, ko ba shi da kowa. Ka kuma tambaya ko akwai mai cutar da shi a gida, da ko shi yana tunanin cutar da wani.

Mataki na 6: Ka rarraba kayan, ku ɗauki ɗaya

Edwin Shneidman, ɗaya daga waɗanda suka kafa cibiyar hana kashe kai ta Los Anjalis a 1958, ya lura cewa tunanin mai wannan hali yakan ƙuntace har ya ga ƙofa biyu kawai: ko komai ya koma yadda yake, ko mutuwa. Aikinka ka nuna masa ta uku da ta huɗu.

Ku jera matsalolin a takarda, ka tambaye shi wacce ta fi hana shi barci. Ka tambaya: "Da ka taɓa shiga wani mawuyacin hali, me ya fitar da kai? Wa ya tsaya maka?" Ka fara da bukatun zahiri: abincin yau, wurin kwana, kuɗin magani, wanda zai riƙe yara. Idan bashi ne, wa zai shiga tsakani a nemi sassauci, shugaban kasuwa ko mai unguwa ko liman? Ka kawo zaɓi biyu ko uku, shi ya zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gigita ta riga ta ƙwace masa iko da al'amuransa. Duk zaɓin da ya yi da kansa yana mayar masa da wani abu.

Ka roƙe shi ya jinkirta manyan hukunce-hukunce: saki, sayar da gida, barin aiki, barin gari. Kai kuma kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka.

Mataki na 7: Ku rubuta tsarin kariya

Idan akwai tunanin kashe kai, kada ya fita sai da takarda. Barbara Stanley da Gregory Brown sun wallafa tsarin da ake amfani da shi a 2012, mai gaɓa 6. A rubuta da kalmominsa, da ajami ko boko, wanda ya fi iya karantawa:

1. Alamomin da ke nuna masa abin na tasowa, kamar kwana ba barci ko kiran mai bashi.
2. Abin da zai yi shi kaɗai ya sami sauƙi: alwala, tattaki, sauraron karatu.
3. Wurare da mutanen da ke ɗauke masa hankali: majalisa, masallaci ko coci, gidan yayarsa.
4. Mutanen da zai faɗa wa gaskiya ya nemi taimako, da lambobinsu.
5. Ma'aikatan lafiya da asibitin da zai nufa.
6. Yadda za a raba shi da abin da zai cutar da kansa.

Gaɓa ta 6 ita ce ba a sakaci da ita. Zafin tunanin yakan taso ya lafa, wani lokaci cikin mintoci. Idan abin ba ya kusa a lokacin, sau da yawa mutum ya tsira. Kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Siri Lanka ta haramta mafi haɗarin waɗannan magunguna, yawan kashe kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga tsakiyar shekarun 1990. A gidajenmu fiya-fiya da maganin feshin gona suna ƙarƙashin gado ko bayan randa. A sa wani amintacce ya kwashe su, da tarin ƙwayoyi, da bindigar farauta, ya kai wani gida ya kulle, a yau.

Kuskuren da aka saba shi ne a sa mutum ya rantse ba zai yi ba. Rantsuwa hankalinka take kwantarwa, shi kuwa ba ta faɗa masa abin da zai yi da ƙarfe 2 na dare. Wanda za a sanar kuma shi zai zaɓa. Babban gida ba koyaushe ne ya fi tausayi ba, wani lokaci ma shi ne tushen matsalar.

Mataki na 8: Ka miƙa hannu da hannu, ka kuma bi sawu

"Ka je asibiti" ba miƙawa ba ce. Ka kira likitan a gabansa, ka san wanda zai raka shi, in ta kama ka bi su. Ka kira shi cikin awa 24, ku sake haɗuwa cikin mako. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya riƙa aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga waɗanda aka sallama daga asibiti suka ƙi ci gaba da magani. A shekaru 2 na farko kashe kai ya yi ƙasa a cikin waɗanda ke samun wasiƙun. A al'adarmu ta gaisuwa da dubiya wannan ba baƙon abu ba ne: "Baba, na kira in ji yadda ka kwana."

Ka rubuta abin da ka tambaya, abin da ya amsa, da matakin da aka ɗauka, ka adana inda wani ba zai gani ba. Idan wata guda ya wuce yana ta mugun mafarki, yana firgita, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, ko ya kasa komawa harkokinsa, ka tura shi ga ƙwararre.

Inda ba a tsayawa hira

Waɗannan na asibiti ne nan take:

• Ya riga ya sha wani abu. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, domin zai iya shaƙa ya shiga huhu. A tafi da kwalbar don likita ya gani.
• Yana da tsari da niyya. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya.
• Yana jin muryoyi, ko bai san inda yake ba.
• Ruɗewa tare da zazzaɓi, jijjiga ko buguwa a kai. Zai iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko faɗuwar sukari.
• Mai jego da ta daina barci, tana sambatu ko tsoron jaririnta. Wannan ciwo yakan sami mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma yana jin magani.
• Fyaɗe. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5.

Kada ka yarda a ɗaure mutum ko a sa masa mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncinsa da haƙƙinsa.

Kai ma mutum ne

Bayan zama mai nauyi ka kira babbanka ku tattauna, ba tare da bayyana sunan mutumin ga wanda bai shafa ba. Ka ci abinci, ka yi barci. Idan ka fara mafarkin labaran da kake ji, ko ka ji zuciyarka ta bushe, ka faɗa, ka rage kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka zama kai kaɗai ne madogarar wani.

Ɗan kasuwan nan ya dawo wurina bayan an sallame shi. Na ba shi haƙuri, na tambaye shi abin da ya kamata in yi a ranar. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, "Malam, lokacin da kake maganar nan, abin yana cikin aljihuna. Jira nake ka tambaye ni." Muka zauna muka rubuta takardarsa, ƙanensa ya kwashe abin da ke gidan, dattawan layinsu suka zauna da mai bashin aka raba biyan kashi-kashi. Bayan watanni, da ya kafa 'yar rumfa, shi da bakinsa ya yi mini maganar haƙuri da ƙaddara, kusan irin wadda na yi masa ranar farko. A lokacin ta zauna, domin yana raye, ya sami barci, kuma daga cikinsa ta fito. Tun daga ranar ban sake sallamar wanda ya zo mini a gigice ba sai na yi masa tambayar nan.